Rarar Wutar Sola: Ina Kasuwarta?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Wudil a 'yan shekarun nan ya ga wani sabon abu bisa rufin gidaje da shaguna da masallatai, watau baƙaƙen farantan nan masu ƙyalli da ake kira sola. In ya kai gada ya gangara fadamun bakin kogi da rani, can ma zai tarar da su a jingine kusa da rijiya, suna tuƙa famfo ba hayaƙi ba ƙara. Dalilin yawaitarsu ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. A watan Oktoba na 2024 kuma manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai injin ban ruwa da mai firji duk sun ji a jikinsu.

To, wanda ya riga ya kafa farantai yakan lura da wani abu. Kafin azahar batirinsa ya cika, ga rana kuwa tsaye tana zuba. Daga nan sai tambaya ta taso, wai shin wannan rara ba ta sayuwa? An ji labari a waɗansu ƙasashe mai gida yakan tura ta cikin layin kamfanin wuta, a biya shi. Labarin gaskiya ne. Amma akwai dukiya a bayan tambayar, gama ba a rasa mai shirin sayar da sa, ko ya ci bashi, ya ƙaro farantai bisa zaton kamfani zai zama mai sayensa. Ya kamata irin wannan mutum ya san yadda kasuwar take tun bai kai sansa kara ba.

MUDUN AWON WUTA

Da fari sai a san mudun da ake awo da shi, domin wanda bai san mudu ba ba ya ciniki. Ƙarfin kowane kayan wuta ana faɗinsa da wat, wat 1,000 kuwa shi ne kilowat guda. In abu mai cin kilowat guda ya yi awa guda yana aiki, ya ci yunit guda ke nan, kuma yunit ɗin nan shi ne abin da kamfani ke rubutawa a takardar biya. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya cinye yunit guda. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa awa ɗaya ta ishe shi.

Babban farantin da ya yawaita a kasuwa wat 550 aka rubuta a bayansa. Kada a ɗauka haka zai riƙa bayarwa daga fitowar rana har faɗuwarta. A ƙasar Kano, in an tattara hasken yini duka, yakan yi daidai da awa biyar da rabi zuwa shida na rana tsaka sosai. Sa'an nan a cire abin da ke zurarewa a waya da inbata, da abin da zafi da ƙura ke ci. Abin da zai rage wa mai shi yunit biyu ne da 'yan kai a kowane faranti. Watau mai farantai shida ya sa ran yunit 14 a yini, in sarari ya yi garau. A cikin Agusta, sa'ad da hadari ke rufe sama, akwai ranakun da ko 9 ba zai samu ba.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne faranti haske yake so, ba zafi ba. Lambar da ke bayansa an auna ta ne yana da sanyi, a digiri 25. Da bazara, cikin Maris da Afrilu, jikinsa kan kai digiri 60 ko fiye, sai ya yi asarar wajen kashi 13 cikin 100 na ƙarfinsa. Saboda haka ba a manna shi da kwano, sai a ɗaga shi a bar wa iska hanya ta ƙarƙashi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan kishingiɗa shi kamar digiri 12, don ya tari rana daidai, ruwan sama kuma ya riƙa wanke shi. Da hunturu, in hazo ya sauka, a share shi da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta da sassafe, ba da rana tsaka ba sa'ad da gilashin ya yi zafi. Farantin da ƙura ta lulluɓe daidai yake da gonar da ciyawa ta ci.

Yanzu a duba abin da gida ke ci. Ga misali gida mai ƙwai 8 da ake kunnawa awa 5, ya ci kusan rabin yunit. Fanka 3 masu wat 60, awa 10, kusan yunit 2. Talabijin da cajin wayoyi rabin yunit. Firji ɗaya yunit ɗaya da rabi. In an haɗa, aka ƙara abin da batir ke ci wajen ɗauka da bayarwa, ya tashi wajen yunit 5. Mai farantai shida ke nan yana da rarar yunit 9 kowace rana da rani.

Amma fa a takarda take. Batir shi ne rumbun wuta, kuma ƙaramin rumbu ne mai tsada. Babban batirin ruwa mai bolt 12, wanda aka rubuta wa 200, yunit biyu da kusan rabi yake ɗauka, kuma rabin wannan kaɗai ya kamata a ɗiba in ana so ya yi ƙarko. Na litiyam ya fi bari a ɗiba, ya fi daɗewa, ya kuma fi kuɗi. Da zarar batir ya cika, na'urar da ke tsakaninsa da farantai sai ta rage jan wuta. Rarar ba ta taruwa a ko'ina. Kamar ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil ne ya nufi Haɗeja: wanda ba a ɗiba ba ya tafi ke nan.

YADDA AKE YI A WAƊANSU ƘASASHE

Jamus ce ta fi shahara da wannan ciniki. A shekarar 2000 ta yi doka wadda ta tilasta wa masu layin wuta su karɓi wutar duk wanda ya samar da ita daga rana ko iska, su biya shi farashin da aka yanke, ba canji har shekara 20. Farashin farko ya yi daɗi ƙwarai, daidai da santi 50 na kuɗin Yuro a yunit, saboda haka manoman kudancin ƙasar suka lulluɓe rufin rumbuna da na ɗakunan shanu da farantai, wuta ta zame musu amfanin gona na biyu. Da farantai suka yi araha, masu su suka yawaita, sai aka riƙa rage farashi ga sababbin shiga, har ya sauko wajen santi 8 a 2024.

Pakistan ta fi kama da nan, ƙasa ce mai zafi da yawan ɗauke wuta. A 2015 ta ba masu gidaje izinin tura rara cikin layi. A 2024 kaɗai an shigar da farantai ƙasar masu ƙarfin kimanin megawat 17,000, watau fiye da ninki uku na abin da layin Nijeriya duka ke ɗauka a rana mai kyau. Sai kamfanoni suka fara kuka, suka ce masu hali sun gudu sun bar wa talakawa nauyin riƙe layi. A Maris 2025 wani kwamitin gwamnati ya amince a rage farashin sayen rara daga wajen rufi 27 zuwa 10, aka yi ta hayaniya. Manomin fadama ba zai yi mamakin wannan ba ko kusa. Wutar rana kamar tumatir ce a tsakiyar kakarsa: ta kowa lokaci guda take nuna, watau da rana tsaka, da daddare kuwa, sa'ad da kowa ke nemanta, ba mai ko kwando guda.

Hanyar biya iri biyu ce. Akwai musaya, inda mita ke cire yunit ɗin da mutum ya tura daga wanda ya sha, ya biya saura. Akwai kuma inda kamfani ke sayar masa da tsada, ya saya daga gare shi da araha, a rubuta masa kuɗin a cire daga takardarsa ta gaba. Ƙasashe da dama da suka fara da ta farko suna komawa ta biyu, kuma a ta biyun sau da yawa ba tsabar kuɗi ake ba mutum a hannu ba.

Labarin da ya fi dacewa da wannan fili shi ne na wani ƙauye da ake kira Dhundi a jihar Gujarat ta Indiya. A 2016 manoma shida masu famfon sola suka kafa ƙungiyar gama kai, suka haɗa farantansu da waya ɗaya zuwa layin kamfani, da mita ɗaya a bakin haɗuwar. Kamfanin ya sa hannu zai sayi rararsu har shekara 25, rufi 4.63 a yunit. In manomi ya gama ban ruwa sai ya juya wutar zuwa layi. Suna kuma sayar wa maƙwabta ruwa da araha fiye da masu injin gas. A lura da abu biyu a nan: ba mutum ɗaya ya fuskanci kamfani ba, ƙungiya ce, kuma sai da aka rubuta farashi da shekaru kafin a tura ko yunit guda.

ME YA HANA A WUDIL?

Layin wutar ƙasar nan tun asali hanya ɗaya aka gina shi. Daga hukumar wuta ta farko da ta fara aiki a 1951, zuwa madatsar Kainji a 1968, zuwa NEPA a 1972, har aka sayar da kamfanonin rarrabawa a Nuwamba 2013, KEDCO ta karɓi Kano da Katsina da Jigawa, tsarin bai sake ba. Wuta na fitowa daga manyan tashoshi, ta bi manyan layuka, ta sauka taransfoma, ta shiga gida, kamar yadda ruwan Tiga ke gangarawa Kadawa. Ba a shirya don ta koma sama ba.

Babban cikas shi ne yawan ɗaukewa. Inbatar da ke tura wuta cikin layi ba ta aiki sai layin na raye, domin da shi take daidaita bugunta, sau 50 a daƙiƙa. Da zarar an ɗauke, tilas ta tsaya nan take, haka aka ƙera ta da gangan. An raba layukan ƙasar nan aji biyar, daga A da aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, sai B 16, C 12, D 8, E kuwa awa 4. Wanda ke kan layin awa 8 ko 4, ba zai sayar ba sai sa'ar da aka kawo wuta ta gamu da sa'ar da rana ke tsaka kuma batirinsa ya cika. In an kawo da ƙarfe biyun dare, ba shi da abin sayarwa. Kasuwar Wudil kowa ya san ran Juma'a take ci, shi ya sa falke ke taso da shanu daga nesa. Wa zai loda mota ya nufi kasuwar da ba a san ranar cinta ba?

Sai maganar mita. Mitar kati da ke gidaje hanya ɗaya ta sani. Waɗansu, in wuta ta bi ta cikinsu da baya, sai su ƙidaya ta kamar wadda aka sha, mutum ya ba da kyauta kuma a cire masa kati. Waɗansu su ɗauka an taɓa su ne, su kulle. Kusan rabin masu amfani da wuta a Nijeriya ma ba su da mita sam, ƙiyasi ake yi musu. Ciniki na bukatar mita ta musamman mai ƙidayar shiga dabam, fita dabam, wadda kamfani ya yarda da ita.

Wajen doka an sami motsi. Mai gida da ya samar wa kansa wuta bai bukatar lasisi, sai abin ya haura megawat guda ake neman izini. A Yuni 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar wutar lantarki, wadda ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara kasuwar wutarsu, ta kuma ƙarfafa maganar wutar rana. A 2025 hukumar NERC, mai kula da harkar wuta, ta fitar da daftarin ƙa'idar sayen rara, irin hanya ta biyu da aka faɗa a sama. Amma manya daftarin ya duba, masu kilowat 50 zuwa sama. Kilowat 50 kuwa farantai fiye da 90 ne irin na wat 550. Wannan girman masana'antar shinkafa ne, ko babban asibiti, ko wuri kamar Jami'ar Aliko Dangote da Makarantar 'Yan Sanda da ke nan Wudil, ba gidan mai farantai shida ba.

A ɗauka ma an buɗe wa kowa. A Afrilu 2024 aka ɗaga farashin ajin A zuwa naira 225 a yunit, daga baya aka ɗan rage ya dawo wajen 210, kuma shi ne mafi tsada. Yunit 9 a wannan farashi bai kai naira 2,000 ba. Kamfani kuwa ba zai saya yadda yake sayarwa ba, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi a farashin da zai auna wa mai cefane. In rabi ya biya, ƙasa da naira 1,000 ke nan a yini, kafin a cire kuɗin sabuwar mita da ranakun da layi ke mace.

Akwai gargaɗin da ya wajaba a yi shi da babbar murya. Kada kowa ya kuskura ya haɗa inbatarsa ko janaretonsa da wayar kamfani don kansa, ko da wani mai gyara ya ce ya iya. Taransfoma gaba da baya take aiki. Wutar gida mai bolt 230 in ta koma ta cikinta sai ta fito a babban layi bolt 11,000. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana gyara, da yaron da ya taka wayar da iska ta tsinka, duk sun sakankance ba wuta. In kuma aka kawo wuta ba zato ta gamu da ta gida, inbata ta ƙone, wani lokaci har da ɗaki. Kowane gida mai wuta biyu lalle ne ya kasance da makunnin canji, wanda in ya kama ɗaya ya saki ɗayar. Kuɗinsa bai kai na buhun taki ba.

MAI SAYE NA KUSA

To, in kamfani bai zama mai saye ba tukuna, sai a zubar da yunit 9 kullum? A'a. Manomin da ya sami rarar dawa kasuwa ta faɗi ba ya zubarwa, yakan turke sa ya ba shi, ya sayar da ita a jikin naman. Haka wuta. Ribarta tana cikin aikin da za a sa ta tsakanin hantsi da la'asar.

Ruwa ne na farko. Famfon lantarki mai ƙarfin doki ɗaya yana cin wajen yunit guda a awa. A fadama, inda ruwa ke kusa, yakan ɗago lita 10,000 ko fiye a awa. In ya yi awa 6, lita 60,000 ke nan, watau duro 300. Tumatir ko albasa da rani, in an haɗa da ruwan da ke nutsewa a magudana kafin ya kai kwami, wannan ya ishi eka guda da 'yan kai kowace rana. Injin ban ruwa mai fetur ya fi shi sauri, labudda, amma yana shan wajen lita guda a awa, kuma aikin nan zai ci masa lita biyu ko uku. A farashin ƙarshen 2024 naira 2,000 zuwa 3,000 ke nan aka tsare a aljihu, da yunit 6 kacal. Duk mai lissafi ya gwada wannan da abin da kamfani zai biya.

Gaskiya ne gida dabam, fadama dabam, farantan da ke kan rufi a cikin gari ba za su tuƙa famfo a bakin kogi ba. Wanda ke da rijiya a gida sai ya cika tanki da rana, ya shayar da dabbobin turka, ya yi lambu a bayan gida, ya sayar wa 'yan garuwa. Tankin da aka ɗora bisa shi ma rumbun wuta ne, kuma ba ya mutuwa bayan shekara uku kamar batir. Shi kuwa mai farantan fadama tasa rarar ta damina ce. Daga saukar ruwa har kaka famfo na hutawa, farantan na jingine a zaure. In an yi musu ƙafar ƙarfe mai kwancewa, sai su yi rani a gona, su yi damina a gida. Masu kwashe su kowace yamma saboda ɓarayi sun riga sun san ba su da wuyar ɗauka, sai dai a kiyaye gilashin da girgizar amalanke.

Amma famfon sola na da nasa haɗari ga gona, kuma kan wannan malaman gona suka fi damuwa. Mai injin fetur yana kashewa da zarar kwami ya cika, don man na ƙona masa aljihu. Mai sola ba abin da ke cizonsa, sai ya bar ruwa na kwarara yini guda. Ruwa ya kwanta, saiwa ta rasa iska, albasa ta ruɓe, takin da aka saya da tsada ya bi ruwa ƙasa, bayan 'yan shekaru kuma a ga farin gishiri ya fito bisa kunya. Ga rijiyoyin maƙwabta na ja da baya. Ɗaya daga cikin dalilan shirin Dhundi ke nan, don manomin da ke da inda zai sayar da wuta ba ya ɓarnar ruwa. A nan, tun da ba layin da zai saya, sai a sayar wa maƙwabcin gona ruwan, a riƙa yi masa ban ruwa bisa awa ko bisa kwami. Shi ya huta da sayen mai, gonar mai famfo ta huta da ambaliya.

Ƙanƙara ce ta biyu. Firiza tana cin yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a yini. In an kunna ta da hantsi aka kashe da la'asar, ba a yawan buɗewa, sanyin da ta tara zai kai ta gari ya waye ba tare da ta taɓa batir ba. Gari irin Wudil, mai masunta da masu nono da taron Juma'a, ba ya rasa mai neman sanyi, balle in azumi ya faɗo cikin zafi. Injin markaɗe da keken ɗinki da cajin waya duk suna shiga wannan sahu. Sai dai mai son ɗora injin markaɗe ya sani, duk abu mai moto yana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, in inbata ƙarama ce za ta yanke. Guga ma da rana ya kamata a yi ta, ba da dare ba.

Akwai masu ja wa maƙwabci waya, ya biya a wata. Ana yi, amma wurin nan ne rigima ke yawan tashi. Siririyar waya mai nisa tana cinye wutar a hanya, tana kuma zafi. An yi magana kan ƙwai biyu da fanka, sai a wayi gari an jona abin dafa ruwa, batir ya kwana ba komai. In za a yi, a sa waya mai kauri, da ƙaramar mita, da fis mai yankewa in an wuce iyaka, a kuma faɗi sharaɗi gaban shaidu. In abin ya wuce gida ɗaya ko biyu ya zama sana'a, to, ya shiga hannun hukuma. A 2016 aka yi ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta na unguwa, waɗanda ba su wuce megawat guda ba, aka sabunta ta a 2023. Inda layin kamfani ya riga ya kai, ƙa'idar ta ce sai an yi yarjejeniya tsakanin mutum uku: mai kafa tashar, da jama'ar wurin, da kamfanin.

Ba sai an je Indiya za a ga irin wannan ba. A 2018 aka fara ba shagunan kasuwar Sabon Gari ta Kano wutar sola daga farantan da aka shimfiɗa bisa rufin kasuwar, kowane shago da mitarsa. A Zawaciki ta ƙaramar hukumar Kumbotso, kamfanin Bagaja ya kafa tasha mai megawat guda bisa yarjejeniya da KEDCO, wutar rana da ta layi suna bin waya ɗaya zuwa gidajen unguwar. A Kumbotso ɗin dai, a Janairu 2023, aka buɗe tashar sola mai megawat 10 wadda ke zuba wutarta cikin layi. Duk waɗannan sun nuna wutar rana na iya shiga layi a ƙasar Kano, amma ta babbar ƙofa, da injiniya da takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan kasuwar layi guda, ko ƙungiyar masu noman rani da gonakinsu ke jere, in sun haɗa farantai wajen 100 wuri ɗaya, sun kai girman da kamfani zai zauna da su. Ƙungiyar da ke da rajista da littafin kuɗi mai tsabta ita ce za a fara saurara.

Wanda zai sayi kaya a halin yanzu, ya auna su bisa cin gidansa da aikin da ya tabbata zai yi da rana, kada ya ƙara faranti ko ɗaya don kamfani. In zai sayi inbata, ya tambayi irin wadda ke karɓar rana da batir da layi duka, wadda kuma ake iya saita ta kada ta tura komai waje. Mai haɗawa ya nuna masa a fuskar na'urar cewa an rufe turawar. Irin wannan, in ranar ciniki ta zo, saiti za a canza, ba sabuwa za a saya ba. Ya ajiye rasit da takardar garanti. Sa'an nan ya sami ɗan littafi, kowace Juma'a ya rubuta yunit nawa inbata ta nuna farantai sun bayar, da ƙarfe nawa batir ke cika, da awa nawa aka kawo wutar layi da rana a makon. Ya yi haka shekara guda cur, don lissafin ya haɗa hunturu da bazara da damina.